Jan Filafilin Cindo

A zamanin da Sarki Barmo ke riƙe da Birnin Gwarjo, yaƙinsa da Sakarma ya daɗe har yaran da aka haifa a farkonsa sun yi gemu, sun shiga cikinsa, wasu ma sun kwanta dama a ciki. Kowa ya gaji. Maƙera sun gaji da ƙirar kibau, mata sun gaji da kuka har sun koma yin sa a zuci. In ka tare dattijo a kasuwa ka tambaye shi mafarin faɗan, sai ya tsaya susar ƙeya, ya ce maka wai a kan wani tsibiri ne, tsibirin da ruwa ya cinye tun tuni.

Garuruwan biyu a bakin gulbi ɗaya suke, Gwarjo a sama, Sakarma a gangare. Su sarakunan Gwarjo mahaya dawaki ne, in ka sa ɗayansu a jirgi ba abin da za ka ji sai salati da amai. Saboda haka tun kakanni suka miƙa yaƙin ruwa ga Sarkawa, masunta maharba dorina, waɗanda gulbi ne gonarsu. Wanda sarki ya yarda da shi, sai a ba shi filafili guda da aka rina da majigi ya yi ja wur. Mai riƙe da jan filafili in ya kama jirgin Sakarma, hannun sarki ne ya kama. Wanda ya kama babu shi kuwa ɗan fashi ne, hukuncinsa kisa. Tsakanin jarumi da ɓarawo a ƙasar nan babu wani abu sai wannan jan itace.

Ba a banza ake ba da shi ba. Ba ka taɓa jirgin kowa sai na Sakarma. Abin da ka kama ka kawo shi Gaɓar Sarki a ɗaure yadda ka same shi, a kwance a gaban Sarkin Ruwa, a fitar wa sarki humushinsa. Sannan ka bar wani naka na jiki a gidan Sarkin Ruwa a matsayin jingina, in ka kauce hanya shi za a sayar. Ka'ida ta ƙarshe ita ta fi duka ƙarfi: in an yi sulhu, ba baki ke gaya maka ba. Sakarmawa sun sha yin kururuwar sulhu in sun hango mutuwa, da ka sauke baka su dirka maka kibiya. Don haka in sarki ya yi sulhu, sai a shafa wa ƙore farar ƙasa, a sake su a ruwa daga Gaɓar Sarki su yi ta gangarawa. Wanda ya ga farar ƙwarya ya naɗe filafilinsa cikin tabarma ya komo gida, ya mayar wa Sarkin Ruwa ya ajiye har ranar da za a sake bukata. Wanda bai gani ba, yaƙi bai ƙare masa ba.

Mai kula da duk wannan a lokacin shi ne Sarkin Ruwa Gwadabe, tsoho mai ciwon gwiwa, wanda majigi ya shiga faratansa har sabulu ya haƙura. Gidansa cike yake da iyayen mutane da ƙannensu, yana ciyar da su, yana raba musu faɗa, yana kuma shiga da kansa ya gaya musu in nasu ba zai dawo ba. Wannan shigar ita ta tsufar da shi fiye da shekaru.

Ranar da aka ƙulla sulhu da Sakarma, shi ya tsaya a gaɓa da hannunsa ya saki ƙoren, ana kiɗa ana guɗa. Duk suka kama hanya, sai guda ɗaya ta ƙi tafiya, ta tsaya gindin gaɓa tana juyawa wuri ɗaya. Shekarau, wanda ya fi duk masu jan filafili tsufa, ya dube ta ya ce, "Sarkin Ruwa, wannan ƙwarya wani take nema."

Gwadabe ya yi murmushi, ya sa gwangwala ya tunkuɗa ta, ta bi 'yan'uwanta. Ya koma gida ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Kada a ɗora masa laifin shi kaɗai. Fada cike take da masu rawani, kowa da farin gemunsa, amma aka rasa mutum guda da zai tuna cewa ruwa ba ya hawa tudu.

Abin da ya faru shi ne, tun da aka fara yaƙe-yaƙen nan, masu jan filafili gangare suke yi, don can maƙiyi yake. Babu wanda ya taɓa jin an tura wani sama. Sai a damunar ƙarshe aka gano fataken Sakarma sun sami wani reshen gulbi da ya rabu da uwar ruwa can sama da Gwarjo, ya zagaya bayan gari, suna bi ta nan da gishiri da kanwa ba wanda ya gan su. Sarki Barmo da bakinsa, a gaban majalisa, ya ce a tura Cindo ya tsare musu Mararraba, inda ruwan ya rabu. Cindo ɗan Tasalla ke nan, mai yatsu shida a hannun dama, wanda bai taɓa ɓoye wa sarki ko kantun gishiri ɗaya ba. Uwarsa ce jinginarsa, ta daɗe a gidan Gwadabe har yaran gidan sun ɗauka gwaggonsu ce.

Ƙore suna ta gangarawa, Cindo da mutanensa suna can sama cikin ciyawar Mararraba, sauro na cin su, suna jira. Wata safiya sai ga babban jirgi ya ɓullo, da rumfa, da mai algaita, matuƙa suna waƙa kamar masu kai amarya. Ɗan 'yar'uwar Sarkin Sakarma ne a ciki, ya ji labarin sulhu ta tudu daga bakin fatake, ya taso gida da kayansa hankali kwance. Kwalekwale huɗu suka fito daga ciyawa suka yi masa zobe. Saurayin ya miƙe tsaye yana ɗaga hannuwa, yana cewa an yi sulhu, an yi sulhu. Cindo ya dubi ruwa dama da hagu, bai ga fari ba. Ya ce a ajiye makamai a miƙa wuya. Wani cikin masu tsaron jirgin ya firgita ya saki kibiya, ta soki Ɗan'auta, ƙanen Cindo, a wuya. Daga nan babu sauran magana. Zagon harbin dorina ya tashi, mashi ya tashi, jirage suka yi karo, mutane na faɗawa ruwa kada na ta murna. Kafin rana ta yi zafi an gama, saurayin nan kuwa yana kwance a gindin rumfarsa da mashi a ƙirji.

Cindo ya yi abin da ka'ida ta ce. Bai kwance ko igiya ɗaya ba. Ya sa aka lulluɓe gawar saurayin da farin zane, ya ɗaure babban jirgin a bayan nasa, ya gangaro Gwarjo ana buga masa ganga.

Gwadabe na zaune a gaɓa yana sauraron ƙarar wasu masunta sa'ad da ya ji gangar. Ya ɗaga kai, ya ga ta sama take fitowa. Bai bukaci kowa ya yi masa bayani ba, ƙwaryar nan da ya tunkuɗa da gwangwala ita ta faɗo masa a rai.

Cindo ya diro, ya durƙusa, ya ɗora jan filafilin a kan hannuwansa biyu. "Baba, ga amanar sarki. Jirgi ɗaya, a ɗaure yadda na same shi. Mun rasa Ɗan'auta. Su ma sun rasa wani babba, da alama ɗan gidan sarauta ne."

Sauran masu jan filafili, waɗanda suka dawo daga gangare suna jiran ranar mayar da filafilai, sun taru sun yi cirko-cirko. Gwadabe ya ce, "Cindo, ba ka ga ƙwarya ba?"

"Wace ƙwarya, Baba?"

Cindo ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ruwan da ke wucewa gabansa yana gangarawa, sai ya zauna a ƙasa.

Jakadan Sakarma da ya zo ƙulla sulhu bai bar gari ba tukuna, yana masauki yana cin naman sulhu. Kafin azahar labari ya kai masa, kafin la'asar an buga tambari, majalisa ta cika. Sarki Barmo ya zauna a kan gado ya rufe baki da amawali, ba a ganin komai sai idanunsa, su ma sun yi ja don rashin barci. Jakada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙe, ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba.

"Allah ya ja zamanin sarki. Ban zo da fushi ba, fushi na can gangare yana jira. Tambaya ɗaya ubangidana zai yi mini, ina so in san amsar da zan kai masa. An ce a ƙasar nan mai jan filafili hannun sarki ne. In wanda ya kashe ɗanmu hannun sarki ne, to Sarkin Gwarjo ne ya karya sulhu tun lallen rantsuwa bai bushe ba, sai in koma in ce a ɗaura sirdi. In kuwa ɗan fashi ne, babu abin da ya shiga tsakanin sarakuna biyu. A ba ni shi in tafi da shi, a yi masa hukunci a gaban uwar yaron. Ɗaya daga cikin biyu, ranka ya daɗe, ban san ta uku ba."

Aka fitar da shi zaure ya jira. Madawaki ne ya fara magana, shi da ya kwana a filin daga fiye da yadda ya kwana a gidansa. "Zaki, in ka ce a hau, zan hau, wuyana naka ne. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dawakin da suka rage mana ba su kai rabin na bara ba. Rumbuna babu komai sai ɓeraye, su ma sun rame. In Sakarma ta taso mana a wannan kakar, ban san da me zan tare ta ba."

Sarki ya juya wajen Alƙali. Alƙali ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce, "Allah ya taimaki sarki. Ka'idar ruwa ba a littafi take ba, al'ada ce, Sarkin Ruwa shi ne mai ita. Abin da na sani shi ne, in an rasa yadda za a yi da cuta biyu, ƙaramar ake ɗauka." Ya koma jan carbi. Malam ke nan, ya ba kowa gaskiya bai ba kowa komai ba.

Gwadabe ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ya durƙusa da ƙyar. "Allah ya ba ka nasara. Na bauta wa mahaifinka, na bauta maka, ban taɓa roƙon komai a ɗakin nan ba. Yau ma ba roƙo na zo yi ba, tuni na zo yi. Wa ya tura Cindo Mararraba? A nan aka faɗa, kowa na zaune inda yake zaune yanzu. Wa ya ce masa kada ya yarda da bakin maƙiyi sai ya ga ƙwarya? Mu. Ƙwarya kuwa ina muka tura ta? Gangare. Yaron nan bai karya ka'ida ko ɗaya ba. Da ɓarawo ne, da yanzu yana can cikin ciyawa yana rabon gishiri, ba wanda ya san ya yi. Biyayyarsa ce ta kawo shi gaɓarmu. In dole sai an ba Sakarma kai, ga nawa. Ni na saki ƙoren, ni ya kamata in tura manzo sama ban tura ba."

Waziri ya girgiza kai a hankali. Mutum ne mai sanyin murya, irin wanda zai yanka ka yana yi maka sannu. "Sarkin Ruwa, Allah ya saka maka, maganarka gaskiya ce, babu mai musu. Amma duba. In muka ba da kai, mun yarda ke nan laifin na fada ne, don kai basarake ne, rawaninka daga hannun sarki ya fito. Mun faɗa ramin da jakada ya haƙa. Abin da zai tsare sulhu shi ne a ce mutumin nan ba namu ba ne. Filafilinsa ya mutu tun ranar da ƙwarya ta taɓa ruwa, ya gani ko bai gani ba."

"Ba haka kakanni suka ce ba, Waziri."

"Kakanni ba su tura kowa sama ba."

"Mu da muka tura, mu za mu ɗauki kayanmu. Waziri, akwai mutane a gaɓa suna jira su ji. Kowanne ya bar uwarsa ko ɗansa a gidana saboda magana ɗaya, cewa in ya riƙe jan itacen nan sarki na bayansa. In yau muka ce ja ba ja ba ne, da wane baki za mu kira su gobe?"

Waziri ya ce, "Gobe sulhu ne, Sarkin Ruwa. Ba za mu bukace su ba."

Gwadabe ya ɗaga kai ya dubi sarki, abin da ba a yi, yana neman ko da ƙiftawar ido ce ta mutumin da ya tuna maganar bakinsa. Sarki Barmo ba azzalumi ba ne, wannan kam a faɗa. Mutum ne da ya binne 'ya'ya biyu a yaƙin nan, ya kai inda in aka ce masa ya ba da hannunsa a bar shi ya huta, zai miƙa. Ya kau da ido ya dubi bango, ya yi magana daga bayan amawali, Sallama ya maimaita da ƙarfi.

"Sarki ya ce bai san da filafili a Mararraba ba. Sarkin Ruwa ya kankare jan, a miƙa ɗan fashi ga jakada gobe da hantsi."

Aka ce, "Allah ya ja zamaninka." Gwadabe ma ya faɗa, don bakinsa ya saba.

Da ya koma gida ya tarar da Tasalla a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Labari ya riga shi, amma ba ta ajiye mazari ba. Ya zauna nesa da ita a kan turmi, ya rasa ta inda zai fara. Ita ce ta taimake shi.

"Sarkin Ruwa, kada ka wahalar da bakinka, na ji. An ɗaure shi?"

"Ba a ɗaure shi ba, Inna. Yana gaɓa cikin mutanensa. Dogarai ba sa son matsawa kusa da ruwa."

"To, ka je ka gaya masa in ji ni ya shiga jirginsa ya yi sama. Ni ce jingina, a sayar da ni. Wa zai sayi tsohuwa mai haƙori uku? Wanda ya saya ma shi ya yi asara. Na ci tuwon gidanka shekara da shekaru ban ce ka yi mini komai ba, wannan saƙon kaɗai nake so ka kai. Ka kai shi da ƙafarka, kada ka ba ruwa."

Maganar ta soke shi, ya kuma san ya cancanta. Ya ɗauki sandarsa ya koma gaɓa tun rana ba ta faɗi ba, ya sami Cindo zaune a bakin kwalekwalensa yana gyaran komar kamun kifi kamar ba shi ake magana a kai ba. Ya gaya masa saƙon uwarsa bai rage komai ba, ya ƙara da nasa. "Ka tafi. Ba zan gan ka ba, ba wanda zai gan ka. Innarka kuwa, sai an bi ta kaina kafin a kai ta kasuwa."

Cindo ya ci gaba da ɗaure zarensa. "Baba, kanka nawa ne? Yau a fada ka ba da shi an ƙi karɓa. In na gudu za a sayar da ita, kai ma ka sani. Sannan in na gudu na zama abin da suka ce. Ɗan'auta ya mutu yana yaƙin sarki, ba zan mayar da shi ɗan fashi a kabari ba." Ya ajiye komar. "Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Wacce na karya a cikin ka'idojin? Ina so in sani, ko zuciyata ta kwanta."

Gwadabe ya jingine sandarsa. Ya zauna kusa da shi suna kallon ruwa har aka kira magariba.

Da hantsi gaɓa ta cika. Madawaki ya zo da dogarai, Waziri ya zo a madadin sarki, jakada na tsaye kusa da babban jirgin da aka mayar masa da kayansa a ɗaure da gawar ɗansu. Masu jan filafili sun jeru a cikin kwalekwalensu, kowa da nasa a hannu, don an ce a ranar ne za su mayar a ajiye. Iyalansu da ke jingine a gidan Gwadabe su ma an fito da su, kowa da ƙunshin kayansa, za a sallame su. Tasalla na cikinsu da tabarmarta a hammata.

Sarkin Dogarai ya miƙa hannu zai karɓi filafilin, Cindo ya janye. "Wanda ya ba ni shi zai karɓa." Ya tako ya ɗora wa Gwadabe a hannu. Wajen riƙon ya lotsa, ya yi gurbin yatsu shida.

Gwadabe ya zaro wuƙa ya fara kankarewa. Ya kankare bisa, ƙasan ja ne. Ya ƙara dannawa, ɓawon itace na zuba a kan ƙafafunsa, ja ne dai. Shekarun da aka yi ana sabunta majigin kowace damina sun sa ya ratsa itacen har zuciya. Gumi na zuba, mutane na kallo ba mai tari. Waziri ya gaji ya ce, "Ya isa, Sarkin Ruwa. An kankare." Kowa na ganin abin ja wur a hannun tsoho, aka ce an kankare.

Aka ɗaure Cindo. Da zai wuce gaban uwarsa ya durƙusa, ta dafa kansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka ƙi jin maganata." Ba ta yi kuka ba. Aka shigar da shi jirgin da shi ya kamo, aka zaunar da shi kusa da gawar, matuƙan jakada suka tura, jirgi ya kama gangare.

Waziri ya juya wajen masu kwalekwale. "Sarki ya gode muku. Kowa ya kawo filafilinsa Sarkin Ruwa ya ajiye masa. Ranar da aka bukace ku za a kira ku."

Babu wanda ya motsa. Shekarau ne ya miƙe a cikin jirginsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, an sallami iyalanmu?"

"An sallame su."

Suka jira har mata da yara da tsofaffi suka gama shiga kwalekwale, kowa wajen nasa. Sannan Shekarau ya ɗaga filafilinsa ya dube shi sama da ƙasa. "Ubana ya riƙe wannan, na riƙe shi. Mun ɗauka inuwar sarki ce, ashe itace ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Sarkin Ruwa, ba da kai muke ba." Ya sunkuya ya ɗora shi a kan ruwa a hankali, ya sake.

Na kusa da shi ya sake nasa. Na gaba ma ya sake. Ba hayaniya, ba zagi. Kafin Waziri ya gane abin da ake ciki, gulbi ya yi ja da filafilai, sun jeru sun bi bayan jirgin jakada kamar masu rakiya. Sarkawa suka zaro fararen filafilansu na kamun kifi, suka juya goshin jirage, suka yi sama da iyalansu.

Madawaki ne ya fara fahimta, don shi ya san yaƙi. Fuskarsa ta canza. Duk ƙauyen da ke bakin ruwa daga nan har Sakarma zai ga abin nan ya ƙidaya, kafin jakada ya gama gaisuwa Sarkin Sakarma ya san Gwarjo ba ta da ko kwalekwale ɗaya a gulbi. Abin da ya sa Sakarma ta yarda da sulhu tun farko kuwa ba dawakin Gwarjo ba ne, jirage ne. Ya daka wa dogarai tsawa su shiga ruwa su tsamo. Dogarai suka zo bakin gaɓa suka tsaya, ruwa ya taɓa musu yatsu, suka dubi juna. Can nesa jakada ya fito daga rumfa ya tsaya a bayan jirgi, ya daɗe yana kallon abin da ke biye da shi.

Tasalla ba ta shiga jirgin kowa ba. Shekarau ya yi ta kiranta, ta ɗaga masa hannu ya tafi. Ta zo ta tsaya kusa da Gwadabe, wanda har yanzu ke riƙe da filafilin ɗanta, ta miƙa hannu ta karɓa, ta shafa gurbin yatsun.

"Ka gani, Sarkin Ruwa," ta ce, "wannan karon saƙon Gwarjo ba zai ɓata hanya ba."

Ta shimfiɗa tabarmarta a kan rairayi, ta naɗe filafilin a ciki yadda ka'ida ta ce a yi in yaƙi ya ƙare wa mutum, ta ɗora a ka, ta kama hanyar tudu. Gwadabe ya bi ta da ido har ta shige cikin dawa. Daga bayansa, can cikin birni, ya ji an soma buga tambari, ana kiran majalisa.